In za ka haɗa kuɗi da ɗan'uwa ku sayi fili

Ku rubuta komai a takarda tun ranar farko, don Allah.
Wa ya sa nawa, sunan wa zai hau takardar filin, in ɗaya ya tashi sayar da kasonsa ya za a yi. Kowa ya sa hannu gaban shaidu biyu, ka ɗau hotonta ka ajiye a waya.

Ni da yayana muka saya lokacin da na fara aiki, kunya ta hana ni cewa a rubuta, kar ya ga kamar ban yarda da shi ba. Bayan shekara 3 aure ya taso ina neman kasona, lissafinsa daban nawa daban, kuma wallahi ba mai ƙarya a cikinmu, mantuwa ce kawai, amma sai da muka yi wata biyu gaisuwa ma da ƙyar. Tsohon alat na banki da na tono a waya shi ya raba mu.

Sai dai takardar nan tsakaninku kawai take aiki. In mai sayarwan ba shi ne mai filin ba, ba abin da za ta tsinana maka, wannan kam sai ka je ofishin filaye ka bincika kafin ka biya ko sisi.