Yadda ake yasar tafki ba tare da an halaka kifin gangare ba

Tafki ko madatsar ruwa da ta shekara tana tara yashi da laka dole wata rana a yashe ta. Madatsar Tiga tun 1974 take riƙe da ruwa, ta Challawa kuma tun 1992, kuma abin da suka saki shi ke gangarawa har fadamun Hadejia da Nguru, inda masunta ke ci da iyalansu. Duk lakar da aka tayar a sama, wani ne a gangare zai sha ta.

Mataki na farko, a san irin lakar. A ɗebo ta daga wurare daban-daban a kai ɗakin gwaji kafin injin ya shiga. Idan ruwan yana karɓar dattin masana'antu, kamar yadda kogin Challawa ke karɓar na majemu a Kano, laka na iya ɓoye guba irin su kuromiyam. A Najeriya dokar tantance illar ayyuka ga muhalli ta 1992 ta wajabta wa manyan ayyuka irin wannan bincike.

Na biyu, a zaɓi lokaci, kuma a ganina nan ne aka fi yin ɓarna. Da ruwa ya fara ƙaruwa a farkon damina, tarwaɗa na haurawa fadama ta zuba ƙwai, bargi na gina sheƙarsa cikin ciyawa, karfasa kuwa tana haƙa ɗan rami a wuri marar zurfi. Laka ta kwanta a kan ƙwan, shekarar ta tafi. Bazara ma ba ta dace ba, domin ruwa mai zafi ba ya riƙe iskar shaƙa sosai, ga shi ya ja baya. Hunturu ya fi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A zauna da Sarkin Ruwa da masunta tukuna; sun san lungun da kifi ke hayayyafa fiye da duk wata taswira, sai a kafa alama a bar wuraren nan.

Na uku, a killace wurin aiki da labulen tare laka: doguwar leda ko yadi mai ƙarfi, a samanta da abin da zai sa ta yi iyo, a ƙasanta da sarƙa don nauyi. Tana aiki ne inda ruwa ya natsu, ba cikin igiyar ruwa mai ƙarfi ba. A riƙa yashe yanki-yanki, ba tafkin gaba ɗaya ba, don kifi ya sami inda zai gudu. Injin da ke zuƙo laka ta bututu ya fi mai kwasa da bokiti rage gurɓata ruwa.

Na huɗu, lakar da aka fitar kada a jibge ta a gaɓa, ruwan sama na farko zai mayar da ita. A haƙa rami nesa da bakin ruwa, a zuba, a jira ta kwanta, sannan a saki ruwan da ya tsarkaka. Mai da baƙin mai ma a can tudu ake zuba wa injuna.

Na biyar, ƙofar madatsa. Kada a buɗe ta lokaci guda don a kora laka, kada kuma a rufe ruf har kogi ya tsinke ya zama kududdufai. A riƙa saki kaɗan-kaɗan daga ruwan sama-sama mai haske.

Sai sa ido kullum, a sama da wurin aiki da kuma a gangare. Farantin da aka fenta fari da baƙi, a ɗaura masa igiya a nutsar, a auna inda ya ɓace wa ido, ya isa nuna ko ruwa na ƙara duhu. Iskar shaƙa da asuba ake auna ta, lokacin da ta fi ƙaranci. Ta sauka ƙasa da miligiram 5 a lita, kifi ya fara wahala. Ko babu na'ura, in aka ga kifi ya taso yana haki a saman ruwa, ko baƙar laka na warin ruɓaɓɓen ƙwai, a kashe injin nan take har ruwan ya washe. Tun a takardar kwangila ya kamata a rubuta wanda ke da ikon tsayar da aikin, kuma a ba masuntan gangare lambar wayarsa.