Kurakuran da aka fi yi wajen sa suna a tukunyar iskar nutso, da yadda ake gyara su

Duk shagon da ake cika wa masu nutso iska, a Legas ne ko a gaɓar Bahar Maliya ta Masar da Sudan, tukwanen da ke jere a cikinsa kamar an tsaga kara suke. Yawancinsu na alminiyam ne masu cin lita 11, wasu na ƙarfe masu lita 12, launi ɗaya, tsayi ɗaya. Dole mai tukunya ya yi wa tasa shaida. Sai dai tukunyar da aka ɗura wa iska har matsinta ya kai bar 200 ko 232 ba bokiti ba ce da za a yi wa rubutu yadda aka ga dama. Akwai shaidar da ke kashe tukunya, akwai kuma wadda ke iya kashe mai ita.

Sassaƙa suna a jikin ƙarfen

Wannan ne kuskuren da ba ya gyaruwa. Mutum ya ɗauki fanci da guduma, ko injin zane, ya karta sunansa a gefen tukunya don kada ya goge. Bangon gefe shi ne wuri mafi siranta, shi ke ɗaukar nauyin matsin, kuma kowane cikawa da sauke iska yana buɗa shi yana tsuke shi kaɗan. Duk inda aka karta, nan ƙarfin yake taruwa, daga nan tsagewa take farawa. Shi ya sa kamfanoni irin su Luxfer da Catalina da Faber suke buga lambobinsu a kafaɗa kawai, inda ƙarfen ya fi kauri, masu gwajin da aka ba izini ma nan suke buga kwanan watansu. Tukunyar da aka sassaƙa wa gefe, mai duba ta zai iya soke ta baki ɗaya. Kada kuma a ce za a bi wurin da giranda ko samfefa a share, wannan ƙara rage kaurin bango ne. A kai ta wurin masu gwaji su auna zurfin kartar su yanke hukunci.

Fenti mai gashi

Wasu kan so su sauya launin tukunya gaba ɗaya don a hango ta daga nesa, sai su kai ta wurin masu fentin hoda da ake gasawa a tanda. Ƙarfin alminiyam ɗin tukunya daga sarrafa shi da zafi aka samo shi a masana'anta, zafin da ya kai wajen digiri 175 a ma'aunin Selshiyos kuwa yana warware wannan ƙarfi, tandar fentin hoda kuma a nan take aiki ko sama da haka. Tukunyar za ta fito tana sheƙi, ido ba zai ga komai ba, amma tana iya fashewa a hannun mai cikawa. Wadda aka riga aka gasa ta tashi aiki. Haka maganin cire fenti mai soda, yana cin alminiyam. In fentin ya zama dole, a yi amfani da mai bushewa da iskar gari, a rufe bawul da lambobin kafaɗa kafin a fesa. Masu cikawa da yawa ma kan yi ɗari-ɗari da tukunya mai sabon fenti, domin ba su san abin da ke ƙarƙashinsa ba.

Babbar sitika da tef mai zagaye

Sitika ba ta karta ƙarfe, amma ruwan gishiri yana shiga ta gefenta ya kwanta. Ɗaga tsohuwar sitikar da ta shekara biyu a tukunyar alminiyam ka duba: za ka tarar da farin gari kamar kanwa, ka share shi da yatsa, ƙarƙashinsa ƙananan ramuka. A ta ƙarfe kuwa jar tsatsa ce. Gyaran shi ne a rage girma. Sitikar da ba ta wuce faɗin tafin hannu ba ta isa ta ɗauki suna da lambar waya. A wanke wurin da sabulu, a goge da sifirit, a bari ya bushe sarai, a yanke kusurwoyin sitikar su zama masu lanƙwasa don kada su ɗago, sannan a manna daga tsakiya zuwa gefe ana fitar da iska. Duk shekara lokacin duban ido, wato binciken da masu gwaji ke yi wa tukunya ciki da waje, a cire ta a ga abin da ke ƙasa.

Maka ta talaka, wadda ake rubutu a kwali da ita, rana da gishiri suna cinye ta cikin 'yan watanni. Makar fenti ta fi daɗewa, kuma ba ta riƙe ruwa. A dai nisanta ta da bakin bawul, musamman a tukunyar da aka wanke don oksijin, domin maiƙo da oksijin mai matsi ba sa haɗuwa.

Suna a kan abin da ake cirewa

Takalmin robar da ke gindin tukunya, ragar da ake sa mata, murfin bawul, duk ana cire su wajen gwaji, kuma ba kowane ne ke komawa kan tukunyar da aka cire shi ba. Sunan ya zauna a jikin tukunyar, ƙasa kaɗan da kafaɗa, inda ɗamarar rigar nutso ba za ta riƙa goge shi ba. Kada ya rufe lambobin da aka buga, kada ya hau sitikar duban ido. A Amurka ana gwajin matsin ruwa duk shekara 5, duban ido kuma duk shekara, mai cikawa in bai ga kwanan watan ba ba zai cika ba, kuma gaskiyarsa.

Shaidar da ba ta gogewa tana nan tun daga masana'anta, wato lambar siriyal. Ɗauki hoton kafaɗar da waya, lambar ta fito ɓaro-ɓaro, ka ajiye tare da rasit. Ranar da aka yi musaya ko sata, ita za ta raba gardama.

Wani abin da ake mantawa shi ne bawul. In kana da tukwane fiye da ɗaya, yi wa kowace da bawul ɗinta alama iri ɗaya kafin a kwance. Tiredin wuya, wato haƙoran da bawul ke ɗauruwa a kai, ba ɗaya ba ne: na Turai galibi M25x2 ne, akwai kuma na inci 3/4. Bawul na M25 yana iya shiga wuyan inci 3/4 ya yi kamar ya ɗauru, alhali haƙoran kaɗan suka kama, sai matsi ya hau ya harbo shi waje. An sha samun munanan raunuka ta wannan hanya.

Haɗa shaidar mai tukunya da shaidar iskar da ke ciki

Nan ne maganar rai take. Suna yana faɗin ta wane ce, takardar iska tana faɗin me ke ciki, kuma zuwa wane zurfi za a shaƙa. Ga mai amfani da naitiroks, wato iskar da aka ƙara wa oksijin, ɗamara mai kore da rawaya da ake manna wa tukunyar ba ta faɗin kashi nawa ne a ciki. Sai an auna da na'ura bayan kowane cikawa, a rubuta a guntun tef kusa da wuya: kashin oksijin, iyakar zurfi da ake kira MOD, kwanan wata, da sunan wanda ya auna. Lissafin ba shi da wuya. In an tsaya a matsin oksijin na 1.4, iska mai kashi 32 sai a raba 1.4 da 0.32, a cire 1, a ninka da 10, ya ba da 33.75, a rubuta mita 33. Mai kashi 36 mita 28 ce. Kullum ƙasa ake sauko da adadin, ba a haura shi. Wanda ya wuce iyakar, oksijin na iya tayar masa da jijjiga irin ta farfaɗiya, regileta, wato abin da yake shaƙar iska da shi, ta fita daga baki, ya shaƙi ruwa.

Kurakuran da ake yi a nan ƙanana ne a ido. Barin tsohon tef bayan an sake cikawa, har tukunya ɗaya ta ɗauki 32 a gefe guda da 36 a ɗayan: a ɓare tsohon kafin a jona tiyon cikawa. Rubuta lambar ƙidaya da manyan baƙi, kamar tukunya ta 21 ko ta 30, wadda abokin nutso zai karanta a matsayin zurfi. In za ka ƙidaya tukwanenka, yi da haruffa, A da B da C, ka bar manyan lambobi ga zurfi kaɗai. Masu nutso mai zurfi kan rubuta iyakar da baƙi masu tsayin kusan santimita 7, a gefe biyu, a kwance bisa tsayin tukunyar, don mai ita da abokinsa duk su gani cikin ruwa mai duhu, sunan kuma ya zo da ƙananan baƙi nesa da su.

Sai rikicin mita da ƙafa. Ga iska mai yawan oksijin, masu nutso mai zurfi kan tsaya a matsin 1.6 maimakon 1.4, shi ya sa iska mai kashi 50 ake rubuta mata 21 a mita, 70 a ƙafa. Oksijin zalla 6 a mita, 20 a ƙafa. Wanda ya saba da mita ya ga 20 a tukunyar baƙo daga Amurka, zai ɗauka mita 20 ce, ya shaƙi oksijin zalla a zurfin da ya ninka iyakarsa fiye da sau uku. A rubuta harafin ma'aunin kusa da lambar, a kuma rubuta kalmar oksijin cikakkiya. Lamba 6 a ja mata layi a ƙasa, tunda tukunyar da ke rataye a gefe tana juyawa ta koma 9.

Launi ma ba abin dogaro ba ne. A tsarin Turai na EN 1089-3 farar kafaɗa oksijin ce, baƙi da fari iskar shaƙa, amma a Amurka kore ake yi wa oksijin. Wanda ya shafa wa kafaɗar tukunyarsa kore ko fari don kawai ya gane ta, ya faɗa wa mai cikawa abin da ba shi ne a ciki ba. In launi kake so, ɗaura ɗan zare mai launi a wuyan bawul, inda ba zai taɓa bakin iska ko marikin buɗewa ba.