Babi na 6: Ribar Takarda da Ribar Gaskiya

Darasi na 1: Hauhawar farashi

Iyayena da yayyena, kowa ya ɗauko fensir da takarda. Ku rubuta 100. Wannan ita ce uwar kuɗin da kuka zuba jari. Bayan shekara ɗaya ta zama 110. Riba 10 ke nan, wato kashi 10 cikin ɗari. Alamar nan %, mai ƙananan da'ira biyu da sanda a tsakani, "cikin ɗari" take nufi.

To amma a shekarar kaya sun yi tsada. Abin da aka saya 100 bara, bana sai da 107. Wannan ake kira hauhawar farashi, a nan kashi 7 ne. Sai a ɗebe: 10 a cire 7, saura 3. Ribar gaskiya wajen 3 ce.

Mu sake. Riba a sama, hauhawar farashi a ƙasa, ku ja layi, ku ɗebe. Wanda hannunsa ya ruɗe kada ya ji kunya, a nan mutane da yawa suke tuntuɓe. A goge, a sake. Riba a sama. Hauhawa a ƙasa. Ɗebe.

Yanzu riba 5, hauhawa 9. Ta ƙasa ta fi ta sama, saboda haka asarar 4 aka yi, ko da takardar banki ta nuna ƙari. Hakan ya faru: a watan Yunin 2022 hauhawar farashi a Amurka ta kai kashi 9.1.

Haba jama'a! Har yanzu akwai masu haɗa 10 da 7 su rubuto 17. Wa ya ce a tara? Ɗebewa aka ce. Gumin ku ne fa ake lissafawa.

Darasi na 2: Kuɗin ruwa

Don rage tsadar, Babban Bankin Amurka ya ɗaga kuɗin ruwa daga kusan sifili a farkon 2022 zuwa sama da kashi 5 a 2023. Bashi ya yi tsada, farashin hannayen jari ya faɗi a 2022, masu jari suka karkata zuwa dala, ta yi ƙarfi har ta zarce yuro na ɗan lokaci.

Darasi na 3: Canjin kuɗi

Jarin da ke wata ƙasa, idan darajar kuɗin can ta faɗi, riba takan ragu wajen canji.

Aikin gida: riba 12, hauhawa 8. Riba 6, hauhawa 6. A ɗebe.