Yadda ake zana riga irin ta Christian Dior ta 1947

Kafin Christian Dior ya buɗe gidan ɗinkinsa a titin Montaigne da ke Paris, da zanen riguna da huluna yake cin abinci a shekarun 1930. Salon suturar mata da ya fitar ranar 12 ga Fabrairu, 1947, wanda aka laƙaba wa New Look, shi zan ba mai koyo shawara ya fara da shi, don siffarsa a fili take.

Nemi fensir mai laushi, takarda mai ɗan kauri, baƙar tawada da ƙaramin buroshi. Ja layi ɗaya daga sama zuwa ƙasa, wato tsayin matar da za ka zana, ka raba shi gida tara, kowane gida tsawon kai guda. Mutum na gaske bai kai haka ba, amma masu wannan sana'a kan ƙara wa ƙafafu tsawo da gangan. Karkata kafaɗa gefe, kwatangwalo kuma ɗaya gefen, kada matar ta sandare kamar turken wuta.

Sai ƙugu, nan aikin yake. Lokacin yaƙin duniya na biyu yadi ya yi tsada, mata na sa kwat mai faffaɗar kafaɗa da guntun siket. Dior ya juya abin. Saboda haka saukar da kafaɗa ta yi zagaye, matse ƙugu sosai, sannan ka bar gindin kwat ɗin ya buɗe a kan kwatangwalo. Haka shahararriyar shigarsa mai suna Bar take: kwat na siliki mai ruwan madara, siket baƙi mai tattara. Siket ya bazu kamar furen da aka kifa, ya tsaya a tsakiyar ƙwauri. Kada ka ce sai ka zana kowace tattara, layi biyar ko shida daga ƙugu sun wadatar, ido zai cike sauran.

Fuska ba ta da wani aiki: gira, leɓe, shi ke nan. Ɗora malafa, ƙara safar hannu da takalmi mai tsini.

Yanzu bi fensir da tawada, da sauri, hannu a sake. Siket kaɗai za ka cika da baƙi, kwat kuma farin takarda ya ishe shi. Idan tawadar ta bushe, goge fensir, ka rubuta irin yadi a gefe, don a gidan Dior da farin ƙyallen auduga teloli ke fara gwada zane kafin almakashi ya taɓa siliki.