Yadda mai koyon rubuta manhaja zai riƙe abincinsa a zamanin AI

Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen Nuwamban 2022 da wuya sati ya wuce wani ƙanina bai turo min saƙo ba, yaya wai har yanzu akwai amfani mutum ya koyi kodin, wato rubuta manhaja, kuwa, ko dai in haƙura in buɗe shagon POS. Abin da nake ce musu shi ne akwai amfani wallahi, amma ƙofar da mu muka bi muka shigo ta ƙuntata sosai, kuma duk wanda ya ce maka komai na nan yadda yake bai faɗa maka gaskiya ba.

Da farko ka san abin da ya tafi. Aikin da ake ba ƙaramin dibelofa (mai rubuta manhaja) a da, wato haɗa fom ɗin rajista, mayar da zane zuwa shafin intanet da HTML da CSS, rubuta ɗan kod da zai ajiye bayani a databes (rumbun bayanai) ya fito da shi, irin wannan da muke kwana biyu a kai muna koyo ana biyanmu, yanzu AI irin su GitHub Copilot ko Claude ko Cursor zai zubo maka shi kafin shayinka ya huce. A Oktoban 2024 shugaban Google, Sundar Pichai, da bakinsa ya ce sama da kashi ɗaya cikin huɗu na sabon kod ɗin kamfanin AI ne ke rubutawa, injiniyoyi su duba su amince. Amma dan Allah kar ka ɗora wa AI komai, korar ma'aikata dubu 12 da Google ya yi a Janairun 2023 da dubu 11 na Meta a Nuwamban 2022 yawanci sakamakon ɗaukar ma'aikatan da suka yi ba ji ba gani ne lokacin korona, kuma tun 2019 Andela, kamfanin da ke horar da dibelofofi a Afirka, ta sallami ɗaruruwan ƙananan dibelofofi saboda kasuwa manya take nema. Abin da AI ya yi shi ne ya ƙara wa wannan matsalar ƙarfi.

Toh mataki na farko, kuma shi ne wanda yara suka fi ƙi, ka koyi tushe da hannunka. Zaɓi yare ɗaya, Python ko JavaScript, ka zauna a kansa wata shida ko fi, ka san SQL, yaren magana da databes, ka san Git mai ajiye tarihin canje-canjen kod, ka san me ke faruwa daga lokacin da mutum ya danna maɓalli a wayarsa har saƙon ya isa saba, wato kwamfutar da manhajar ke zaune a kai, ya dawo. CS50 na jami'ar Harvard kyauta ne, freeCodeCamp ma haka. A wannan lokacin ka kashe AI ɗin nan da ke cika maka layin kod da kansa, idan ka maƙale ka ba kanka ko da minti talatin kana karanta saƙon kuskuren kana gwadawa, sai bayan nan ka tambayi AI, kuma ka ce ya yi maka bayanin dalilin matsalar kar ya baka amsa a dafe. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, wanda bai taɓa rubuta abu da kansa ba ba zai gane lokacin da inji ya yi masa ƙarya ba.

Kuma yana ƙarya, cikin natsuwa ma kuwa. Bari in baka abin da ya faru a gabana. Mun yi wa wata makaranta mai zaman kanta manhajar biyan kuɗin makaranta, wani yaro mai ƙoƙari da ke aiki a ƙarƙashina ya sa AI ya rubuta ɓangaren biyan kuɗin, kod ya fito tsaf, ya yi aiki a gwaji, ni ma na duba shi a gurguje na wuce. Kuɗin zango naira dubu 45 ne, kod ɗin yana tura 45000 zuwa kamfanin da ke karɓar kuɗi, alhali su a kwabo suke lissafi, kenan naira 450 ake cire wa iyaye, kuma manhajar tana buga musu rasit cewa an biya duka. Sai da ma'ajin makarantar ya kira ni da yamma muryarsa na rawa, yana cewa Malam rasit ya yi yawa amma asusu babu komai. Gyaran layi biyu ne, a ninka da 100, sannan saba ta tabbatar adadin da ya shigo ya yi daidai da wanda ake bi kafin ta fitar da rasit. Amma kwana uku muka yi muna bin iyaye a waya muna ba da haƙuri. Babu wanda ya kira AI a ranar, ni aka kira, kuma wannan ɗaukar nauyin shi ne abin da ake biyan mutum a kai yanzu.

Saboda haka ka mayar da karanta kod sana'a, fiye da rubutawa ma. Duk abin da inji ya baka ka bi shi layi-layi, in akwai layin da ba za ka iya yi wa abokinka bayaninsa da Hausa ba to kar ya shiga firojek ɗinka. Ka tambayi kanka me zai faru in netwok ya ɗauke a tsakiya, in mutum ya danna sau biyu, in ya rubuta lambar wayarsa da 0803 wani kuma da +234, in sunansa yana da ƙ ko ɗ databes ɗin zai ajiye daidai ko zai mayar da su alamar tambaya.

Wajen amfani da shi kuwa ka ɗauke shi kamar yaron shago mai saurin hannu wanda bai san kwastomominka ba. Kar ka ce masa gina min manhajar asibiti gaba ɗaya, ka yanka aikin ƙanana, ka faɗa masa wane yare, wace siga ta yaren (version), me aka riga aka gina, ka liƙa masa shafin bayanin da kamfanin ya wallafa don kar ya ƙirƙiro abin da babu, kafin ka bar shi ya taɓa fayil ka yi komit a Git, wato ka ajiye kwafin aikinka yadda yake, bayan ya gama ka gudanar da tes, wato gwajin kod. Kuma kar jin sauri ya ruɗe ka, a 2025 wata cibiyar bincike mai suna METR ta gwada ƙwararrun dibelofofi 16 a kan firojek ɗin da suka sani sosai, su suna jin AI ya ƙara musu sauri, agogo kuma ya nuna sun ƙara ɗaukar lokaci da kusan kashi 19 cikin ɗari. Wani aikin zai rage maka awa biyar, wani kuma gyaran shirmensa zai ci maka yini, da gwaji za ka gane wanne ne wanne.

Wani abu da ba na wasa da shi, sirrin mutane. Kar ka kwafi makullin API, wato lambar sirrin da manhaja ke shiga sabis da ita, ko lambobin BVN da NIN na kwastoma ka zuba a akwatin hira. A 2023 Samsung ya hana ma'aikatansa amfani da ChatGPT bayan wasu sun zuba kod ɗin kamfani a ciki, kuma a shekarar ne Najeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a. Abu ɗaya irin wannan ya isa ya kore ka daga aiki.

Inda nake ganin mu a nan muke da dama babba shi ne sanin gida. AI ya karanta intanet kusan duka amma bai taɓa zama a shago a Kantin Kwari ba, bai san yadda ɗan kasuwa ke rubuta bashi a littafi ba, ko yadda dillalin hatsi a Dawanau ke lissafin buhu da la'ada, ko cewa mai kemis a ƙauye yana buƙatar manhajar da za ta yi aiki ba data ta tura bayanin daga baya in sabis ya dawo. Ka zaɓi fanni ɗaya, lafiya ko noma ko makarantu ko harkar kuɗi, ka je ka zauna da masu yinsa, ka ji yadda suke magana, ka ga inda kuɗinsu ke zurarewa. Dibelofan da zai iya zama da Alhaji awa ɗaya ya fito da ainihin abin da yake buƙata, ya rubuta shi a fili, shi ne zai ba inji umarni mai kyau, kuma shi Alhaji zai sake kira.

Sai maganar neman aiki. Irin fotfoliyon nan, wato ayyukan da kake nuna wa mai ɗaukar aiki, na kalkuleta da manhajar jerin ayyuka ya daina burge kowa tunda kowa ya san minti biyar ne. Gara abu ɗaya tak da mutane na gaske ke amfani da shi, ko da Islamiyyar unguwarku ce mai ɗalibai 80, ka ɗora shi a intanet, ka riƙe shi wata shida, ka rubuta a GitHub, shafin da dibelofofi ke ɗora kod ɗinsu, matsalolin da suka taso da yadda ka warware. A intabiyu yanzu da yawa za su miƙo maka kod su ce nemo kuskuren, ko su tambaye ka me ya sa ka zaɓi wannan hanyar, toh labarin firojek mai rai shi zai fitar da kai. Ka kuma gyara Turancinka na rubutu, don aikin nesa rabinsa saƙo ne.

Kuɗin sabsikirifshan na dala da ake biyan AI duk wata na san yana da nauyi yadda naira ta koma tun 2023, amma kar ya tsayar da kai, Copilot yana da na kyauta mai iyaka tun Disambar 2024, ChatGPT da Gemini da Claude ma duk suna da shi, ya ishi mai koyo. In an buɗe rajistar 3MTT, shirin horar da matasa fasahar zamani na gwamnatin tarayya, ka shiga, ka riƙa zuwa tarukan GDG (ƙungiyar dibelofofi ta Google) na garinku, don aikina na farko ma a bakin wani da muka haɗu a irin wannan taron na ji shi. Ranar da ka fara samun kwastoma mai biya sai ka sa kuɗin kayan aikin a cikin farashin da za ka yanka masa.