Masu neman aikin firodak manaja (mai jagorantar tsarawa da inganta manhaja ko hajar kamfani) a banki ko tsohon kamfani

Don Allah tun a intabiyu ku tambaya waye ke sa hannu a kasafin kuɗin aikin, domin a irin waɗannan wurare sau da yawa sunan manaja kawai za a ba ka amma wuƙa da nama na hannun oga da sashen talla, kuma ko ƙaramin gyara a manhaja sai ya bi ta wajen masu lura da dokokin CBN (Babban Bankin Najeriya), wata guda ana mitin. Kar ka karaya. Ka riƙa zuwa reshe kana zama da masu karɓar korafin kwastoma, su ne suka san inda ke yi wa mutane ciwo. Duk abin da ka gyara ka rubuta shi da alƙaluma, shi za ka nuna lokacin ƙarin girma ko in za ka koma kamfanonin hada-hadar kuɗi ta zamani irin su Moniepoint.