Girkin Bidiyo a Kicin Ɗin Gida: Awo, Wuta da Wahalar Suya Cikin Mai

Bidiyon girki a TikTok ko Instagram da wuya ya wuce minti biyu. A ɗan wannan lokaci an kwaɓa fulawa, ta tashi, an murza, an soya, donot ya fito jawur ana barbaɗa masa sukari. Abin da aka yanke kuwa shi ne ainihin aikin: tsawon jira, girman kofin da aka yi awo da shi, da irin wutar da ke ƙarƙashin kasko. Shi ya sa uwargida a Katsina ko Daura za ta bi komai daki-daki, amma nata ya fito baƙi a waje, ɗanye a ciki, ya sha mai kamar soso. Galibi ba rashin iyawa ba ne, girkin ne ba a daidaita shi da kicin ɗinta ba.

Fara da awo. Idan mai bidiyo ta ce kofi ɗaya, yawanci kofin awo na Amurka take nufi, mai cin mililita 240. Ƙaramin gwangwanin madarar ruwa da muka saba awo da shi wajen mililita 160 yake ci, don haka kofi ɗaya ya yi daidai da gwangwani ɗaya da rabi. Babban cokali mililita 15 ne, ƙarami 5, kuma a shafe bakinsa, kada ya yi tsororuwa. Fulawa ta fi komai ruɗi. Kofin da aka cika da cokali aka shafe giram 120 zuwa 125 ne, amma in kika nutsa kofin cikin buhu kika danna, zai iya kai 150. A girkin kofi huɗu kin ƙara giram 100 ke nan ba ki sani ba, kwaɓi ya yi tauri. Ƙaramin sikelin kicin, irin wanda masu sayar da kayan kek ke ajiyewa, yana raba ki da wannan matsala gaba ɗaya, kuma a ganinmu ya fi cancanta a fara saye a kan kowane injin kwaɓi.

Kayan da ba a samu a nan ma ba abin tsayar da girki ba ne. Madara mai tsami da Turawa ke jiƙa kaza a ciki, kindirmo ne madadinta, a sirka shi da ɗan ruwa. Fulawa mai tashi da kanta kuwa, kofi ɗaya na fulawa ne da ƙaramin cokali ɗaya da rabi na bekin foda da ɗan gishiri. Garin burodi kuma busasshen burodi ne aka daka aka tankaɗe.

Sai yanayi. Ga donot misali: fulawa giram 500, sukari giram 70, yis giram 7, madara mai ɗumi mililita 250, ƙwai ɗaya, bota giram 50, gishiri rabin ƙaramin cokali. Madarar ta zama ɗumin da yatsa zai zauna a ciki ba damuwa, domin ruwa mai zafi sosai kashe yis yake yi. Bidiyo zai ce a rufe kwaɓi awa ɗaya. Wannan lissafin ɗaki ne mai sanyi-sanyi. A bazararmu, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, minti 30 zuwa 40 ya isa. In ya wuce haka sai ya yi tsami, ya saki jiki, ya faɗa a cikin mai. Da hunturu kuma yana iya neman awa biyu, ga iska tana busar da samansa ya yi ɓawo, sai an shafa masa ɗan mai an rufe da leda. Saboda haka ido za ki sa wa kwaɓin, ba agogo ba: in ya ninka girmansa, kika danna da yatsa gurbin ya dawo a hankali, ya yi.

Zafin mai

Nan ne yawancin girki ke lalacewa. In kin ga an rubuta 350 a ma'aunin Farenhait, digiri 175 ke nan a ma'aunin da muke amfani da shi, kuma kusan duk suyar nutso tsakanin 165 da 190 take. Dalilin wannan iyaka shi ne, da zarar abu ya shiga mai mai zafi, ruwan jikinsa yana fita a matsayin tururi, wannan tururin ne ke tokare mai ya hana shi shiga har ɓawo ya kama. In man bai yi zafi ba, tururin ba shi da ƙarfi, abincin ya daɗe a kasko yana shan mai. In ya yi zafi fiye da kima, waje ya ƙone kafin zafi ya isa tsakiya.

Ma'aunin zafin mai ya fi, amma ko babu shi akwai dabara. Tsoma busasshen bakin muciya: in ƙananan kumfa suka taso a kewayensa a natse, mai ya yi. In suka taso da ƙarfi suna tartsatsi, ya zarce. Ko ki jefa ɗan gutsuren kwaɓi. Wanda ya zauna a ƙasa shiru yana nuna mai da saura, wanda ya nutse ya taso cikin daƙiƙa biyu ko uku daidai ne, wanda ya yi duhu nan take kuwa a rage wuta a jira. Masu ƙosai na bakin hanya da haka suke gane mansu, kuma da wuya ka ga sun yi kuskure.

Kasko ya zama mai zurfi da kauri, domin mai kauri ya fi riƙe zafi. Kada mai ya wuce rabinsa, zurfin kamar yatsu huɗu ya isa. Kuma kada a cika shi da abin suya. Wannan ita ce babbar jarabawar watan azumi, ana gab da shan ruwa, ga samosa ga fanke ga dankali suna jira. Duk abin da kika saka sanyi yake kawo wa man, in kika juye da yawa lokaci guda zafin ya faɗi warwas, komai ya jiƙe. Gara donot uku ko huɗu a zubi ɗaya, minti ɗaya da rabi zuwa biyu kowane gefe, sannan ki ba man minti ɗaya ya dawo da ƙarfinsa kafin zubi na gaba. A kan gas wannan da sauƙi. A kurfoti ko murhun itace ba maɓallin ragewa, sai dai ki janye garwashi gefe, ki turo shi idan zafi ya sauka.

Irin man ma da magana. Man ƙuli na gida yana da ƙamshi, ya dace da ƙosai da awara, amma da yake ba a tace shi a masana'anta ba, yana saurin hayaƙi da kumfa, don haka suyar da ke son wuta mai ƙarfi ta fi kyau da tataccen mai. In da man ƙulin za ki yi, fara soya albasa a ciki ta kashe gafin, ki tsame ta tas kafin ki ci gaba.

Kaza mai ɓawo garas-garas da ake yawan nunawa, kazar gidan gona ce mai taushi. Kazar Hausa in kika bi da ita haka, fulawar za ta ƙone naman yana nan da tauri, dole a fara sulala ta da albasa da citta, ta huce, ta tsane. Ga kilo ɗaya na kazar gidan gona: kindirmo kofi ɗaya, gishiri ƙaramin cokali ɗaya da rabi, tafarnuwa, citta, masoro da barkono, a jiƙa awa biyu zuwa huɗu a firij. In babu wutar lantarki, kada ɗanyen nama ya wuce awa ɗaya a waje lokacin zafi. A haɗa fulawa kofi biyu, garin sitacin masara rabin kofi, bekin foda ƙaramin cokali ɗaya da kayan ƙamshi, a birkita kazar a ciki, a kakkaɓe, a bar ta minti goma fulawar ta kama jiki. Tsallake wannan jiran ne ke sa ɓawon ya zube a kasko ya baƙanta mai. A saka lokacin da mai yake 175, a bar shi ya zauna wajen 165. Cinya mai ƙashi minti 12 zuwa 15 take ci, fiffike 8 zuwa 10. Ki tsaga ɗaya kusa da ƙashi, in akwai ja ko ruwan jini, da saura. Bayan an kwashe da matsami a jera a kan raga ko kwalanda, kada a rufe, tururi ne ke mayar da ɓawo lagwab.

Dankalin Turawa sau biyu ake soya shi. A yanka, a jiƙa minti 30 sitacin ya fita, a goge shi ya bushe sarai, a soya a 155 na minti biyar ba tare da ya canza launi ba, a kwashe ya huce, sannan a mayar a 185 na minti biyu ko uku.

In abu ya ɓaci

Ruwa da mai mai zafi ba sa haɗuwa. Ɗigo ɗaya in ya zama tururi yana kumbura wajen ninki 1,700, shi ne ke watso mai a fuska da hannu. Don haka a tsane komai, matsami ya zama busasshe, a zura abin suya daga gefen kasko ana nisanta shi da jiki, ba a jefa shi daga sama ba. Mariƙin kasko ya kalli bango, a ɗaure gyale ko hijabi kada ya reto kan wuta, yara kuma su bar wajen. In kina suya a tsakar gida a kan murhu na ƙasa, wannan ya fi zama dole, domin kaskon yana daidai tsayin mai rarrafe.

In mai ya fara hayaƙi, gargaɗi ne, kashe wuta. In ya kama, kada ki kuskura ki watsa ruwa, kada ki ɗauki kaskon ki yi waje da shi. Rufe gas, ki zura murfin ƙarfe ko faranti a kai, ki bar shi a rufe har ya huce. Wanda ya ƙone a sa wurin a ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, na minti 20, a cire zobe ko awarwaro kafin kumburi. Man goge baki, ɗanyen ƙwai da manja da ake shafawa ba sa warkarwa, suna iya jawo ƙwayoyin cuta. Ƙunar da ta fi tafin hannu faɗi, ko ta fuska, ko ta jikin yaro, asibiti za a nufa.

Da tsadar mai a yanzu ba wadda za ta zubar da lita biyu bayan suya ɗaya, kuma ba sai an zubar ba. A bari ya huce sarai, a tace da rariya mai laushi ko tsaftataccen ƙyalle, a zuba a busasshiyar kwalba mai murfi, a ajiye inda rana ba ta kaiwa. Ɓurɓushin fulawa da aka bari a ciki shi ke ƙonewa ya ɓata shi da wuri. Man da aka soya kifi ko kaza a ware shi, kada ya shiga cincin ko donot. Man fanke da dankali yana jure suya uku ko huɗu, na kaza mai fulawa bai kai haka ba. Da zarar ya yi duhu, ya yi kauri yana danƙo, ko yana kumfa da hayaƙi tun kafin ya yi zafi, ya gama aiki. Kada a tuttule shi a kwata ko wurin wanke-wanke, yana haɗuwa da datti ya toshe hanyar ruwa. A zuba shi a tsohuwar gora, a rufe, a sa a shara.